Hannun Hagun Nobie

Sansanin katako, bakin Kogin Sabine, Texas
Litinin, 8 ga Oktoba, 1928

Zuwa ga Gwaggona Elnora,

Gwaggo, ina so ki je tashar jirgin ƙasa ta St. Louis ranar Juma'a ta sama, sha tara ga wata, da safe, ki karɓi 'yata Nobie. Ita kaɗai za ta zo, ba ni a cikin jirgin. Za ki gan ta da shuɗiyar riga mai farin wuya, da takarda mai sunanki an soke mata da fil a ƙirji, tana hannun wani ma'aikacin jirgi, Ɗan'uwa Pruitt, ɗan cocinmu ne, shi ne ma zai miƙa miki wannan wasiƙar hannu da hannu a zuwansa na wannan makon. Ki riƙe min ita. Kada ki ba wa kowa ita, ko waye, ko ya ce ni na aiko shi, ko ya ce shi ne ubanta. Musamman ma in ya ce shi ne ubanta. Abin da nake roƙo ke nan, na fara da shi ne don kada kuka ya ci ƙarfina ban kai wurin ba.

Yanzu bari in gaishe ki yadda kika koya min. Gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da Kawu Ezra da yara duka. Yaya ƙafar nan taki da sanyin garin can? Ubangiji ya ƙara sauƙi, ya ja da ranki, ya tsare ku daga abin da ido bai gani ba. Mu nan jiki lafiya, an sha ruwan sama kwana uku, hanya duk ta zama caɓi, dankalin da na shuka a bayan ɗaki ya yi kyau. Kin san ban taɓa zama a aji ba, don haka Sista Idella matar fastonmu ce ke rubutawa ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara min magana, ta sa ta yadda ta fito. Ban sa wasiƙar a gidan waya ba, domin wanda ke rarraba wasiƙu a kantin kamfani yana ɗaga su a hasken taga, kowa ya sani.

Kin tuna Tolbert, uban Nobie. Sau ɗaya kika gan shi, lokacin da kika zo jana'izar Baba, kika dube shi daga hula har takalmi kika ce min namijin da hannunsa ba kanta a wannan dajin, a tambaye shi da me yake ci. Da piyano yake ci, Gwaggo. Kiɗan buluz, wanda ku manyan coci kuke cewa na Shaiɗan ne. Yana bin sansanin masu yanka katako ɗaya bayan ɗaya, ya ɗare jirgin da ke ɗaukar gungume, ya sauka duk inda ya ji akwai piyano da mutanen da suka gaji suna son rawa. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka yi ya iya, kuma sai kin san wannan za ki gane ban haukace ba.

Shi da bakinsa ya gaya min, ba sau ɗaya ba, yana faɗa yana alfahari. Uwarsa ta mutu yana ƙarami, kakarsa ce ke riƙonsa a can Louisiana, a wurin masu tatsar ƙaron itace. Yana ɗan shekara bakwai wani tsohon makaɗi, Lucius, ya biyo ta ƙofarsu ya ji shi yana kaɗa bahon wanki da hannu. Ya tsaya ya saurara, ya ce wa tsohuwar ta ara masa yaron zuwa ƙarshen damina zai dawo da shi. Aro, Gwaggo. Har ta shiga ƙasa ba ta ƙara ganinsa ba. Shekara biyu cur Lucius bai bar shi ya taɓa piyano da hannun dama ba, yana cusa masa shi a cikin ɗamara, hagu kawai, safe da rana. Shi Lucius ɗin zarto ya taɓa cire masa yatsa ɗaya a hagu, na kusa da ƙaramin, don haka kiɗansa ɗingishi yake. To da ya ga na yaron yana fita sumul, sai ya ce a'a, ba haka ake yi ba a gidanmu. Ya samo jan zare ya naɗe masa yatsan ya ɗaure shi a tafin hannu. Har Tolbert ya yi gemu, ba zare ba komai, da ya zauna gaban piyano yatsan nan zai lanƙwashe da kansa, ga shi lafiyayye amma kamar babu shi. Yana ce min hannun dama kowa na iya sata, ka ji abu a gari ka kwaikwaya, amma hagu shi ke faɗin wanda ya rene ka. Makaɗa a wannan layin in sun haɗu ba sa tambayar suna, sai su ce ɗan taɓa mu ji.

Ranar da na gaya masa ina da ciki, ya ɗora wannan hannun a kan cikina yana kaɗawa a hankali, ya ce ko mace ko namiji, ke dai ki shayar ki yaye, in ta kai bakwai ko takwas zan zo in karɓi aro. Na yi dariya. Shekarata sha shida, komai ya faɗa dariya nake. Nobie tana da shekara biyu ya hau jirgi bai dawo ba. Na tashi daga wancan sansanin, na sake tashi daga na biyu, na zo nan na sami aikin girki da wanki a gidan Miss Roxie, mai dafa wa ma'aikata abinci, kuma a zaurenta ne ake rawa ran Asabar. Shekara uku da suka wuce wani mai aikin layin dogo ya ce min an soke Tolbert da wuƙa a Arkansas ya mutu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma daga ranar na fara barci da ido biyu a rufe. Duk wanda ya tambaya sai in ce ni gwauruwa ce.

Ita Nobie tun tana rarrafe ba ta barin cokali da kwano su zauna lafiya. Na ga abin ba zai bar ta ba, sai na ce gara ya bi ta hanyar Ubangiji. Na kai ta wurin Sista Idella ta koya mata waƙoƙin yabo a piyanon coci, yadda ake yi tsaf, hannu biyu suna sauka tare. Na kafa mata doka ɗaya, piyanon zauren Miss Roxie ko ƙura ba za ta share masa ba. Ta ce to, Mama. Yarinya ce mai to, Gwaggo, ba ta taɓa yi min musu ba, shi ya sa ban sa ido ba. Ta cika takwas a watan Yuni, har an fara barinta ta buga waƙar baiko, ta lokacin karɓar sadaka, ran Lahadi.

Lahadi uku da suka wuce ina zaune a layi na biyu ina fifita, ta fara waƙar yadda ta saba. A baiti na biyu sai na ji hannun hagun ya tashi ya fara tafiya. Kamar mutum yana hawa matakala, ɗaya, biyu, uku, ya tsallake ta huɗu da ɗingishi, ya gangaro ya sake hawa. Coci ta ɗauka. Mata suka miƙe suna tafi, wani dattijo a gaba yana buga sanda yana cewa Ruhu ya sauka a kan yarinyar nan, a bar ta, a bar ta. Ni kuwa na ajiye mafici. Wannan ɗingishin na san shi kamar yadda mace ke sanin takun mijinta a kan dakali. Na ce wa raina ƙila jini ne, ƙila ta ji wani ya buga ran Asabar ta jikin bango, kunne ya ɗauka. Sai na miƙe na bi ta gefe kamar zan fita shan iska, na leƙa hannunta. Gwaggo, yatsan yana naɗe. Na kusa da ƙaramin, a lanƙwashe cikin tafin hannu, tana bugawa da huɗu. Kunne ba ya koya wa yaro wannan. Jini ma ba ya koya masa, ai shi Tolbert da yatsu biyar aka haife shi. Sai wani ya zauna kusa da kai ya kama yatsan ya naɗe.

Da muka koma ɗaki ban doke ta ba. Na zuba mata wake da burodin masara, na bar ta ta ci, sannan na ce Zenobia, wa ya koya miki? In na kira ta da cikakken suna ta san babu wasa. Ta ce ba kowa, Mama, hannun ne ya yi da kansa. Na ce kawo hannun in gaishe shi. Ta ɓoye a baya. Na jawo shi na buɗe, ga shatin zare ya zagaye yatsan, ja, har fata ta ɗan saɓule a wuri ɗaya. Na ce wannan fa? Ta ce wasan igiya suka yi da yara. Tana faɗa tana kallon tsakiyar idona, ko ƙiftawa babu. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, ba shatin ba. An koya wa 'yata yi min ƙarya, kuma ta iya.

Na fara zargin kowa. Na zargi Sista Idella, ga ta nan zaune tana rubutawa, ta sani, na je har kicin ɗinta na tambaye ta wa take buɗe wa coci in ba ni nan. Ta ɗora hannu a kan Littafi ta ce ita da ta ga yatsan zatonta ciwo yarinyar ta ji. Na zargi masu cin abinci a teburin Miss Roxie, ina zuba musu miya ina duba hannayensu ɗaya ɗaya, har wani ya ce Verlie in miji kike nema ki dubi fuska mana, hannu ai duk ɗaya ne. Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin ya faɗo min. Tun farkon watan Agusta Miss Roxie ta tsiro da aikena gonar wata mata a hayin gada, in karɓo ƙwai da ganye, Talata da Juma'a, bayan an ci abincin rana. Tafiyar awa biyu ce zuwa da dawowa. Kullum sai ta ce ki bar yarinyar nan, rana ta yi zafi, za ta taya ni tsince wake. Da can yaushe muke sayen ƙwai, ga kaji cike da tsakar gida? Kuma Talata da Juma'a, a daidai wannan lokacin, jirgin gungume ke shigowa ya tsaya a loda masa kaya.

Ran Juma'ar da ta wuce na ɗauki kwando na tafi kamar kullum. Da na kai kwanar da ba a hango ni daga taga, na ajiye kwandon a cikin ciyawa na zauna har na ji jirgi ya yi kuka ya tsaya. Na ƙara jira kaɗan, na dawo ta cikin itatuwa. Tun ban kai shinge ba na ji piyano. Hannun hagu biyu, Gwaggo, ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi, suna hawa tare suna ɗingishi tare. In ƙaramin ya kuskure sai babban ya tsaya, a ƙwanƙwasa katako sau uku, a sake daga farko. Haka Tolbert ke yi in yana gwada wa wani abu. Na ruga da gudu, kuma nan na yi wauta, domin karen gidan ya taso yana haushi yana murna. Kafin in zagayo in hau dakali kiɗan ya yanke. Na tarar da Nobie ita kaɗai a kan benci, hannunta na dama a cuse cikin ɗamarar rigarta, ƙofar baya tana lilo. Na dafa bencin gefenta, da ɗumi. Ga gahawa rabin kofi tana tururi a kan piyano. Na fita ta baya, ban ga komai ba sai ciyawa tana motsi wajen layin dogo.

Miss Roxie ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ce ke Verlie lafiya kika faɗo min gida kamar wadda gobara ta koro, ina ƙwan nawa? Na ce wa ya tashi daga nan? Ta ce mai gyaran piyano ne daga gari. Na ce tun yaushe mai gyara ke shan gahawa a kofinki mai fure wanda ko fasto ba ki ba wa, kuma me ya sa ya bi ta baya kamar ɓarawon kaji? Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce duk namijin da ya hango fuskar nan taki yau ai dole ya bi ta baya. Na ce Miss Roxie, don Allah, Tolbert ne? Ta ce yarinya, ke kika ce min ya mutu, ni dai ban taɓa ganin matacce yana shan gahawa ba. Sai ta daina dariya, ta kori Nobie waje, ta ce in zauna. Ta ce shekararta talatin tana riƙe da zauren rawa, ta ga makaɗa sun fi ɗari, irin hannun yarinyar nan sau biyu ta taɓa gani. Ta ce me kike tanadar mata, bahon wanki? Ta kamo hannuna ta juya shi, ta ce dubi, shekararki ashirin da huɗu, hannun kamar na kakata, haka kike so nata ya koma don dai ta zauna kusa da ke ki riƙa kallonta? Na dubi hannun nawa, duk ya tsattsage da sabulu. Har yanzu maganar tana min ciwo, domin ba duka ce ƙarya ba.

Amma ni na san abin da ba ta faɗa ba. Na san inda makaɗa ke kwana, na san abin da ake sha a wurin, na san yadda ake fasa kwalba a kan mutum saboda waƙa. Tolbert namiji ne, kuma duk bayansa tabo ne. Ita mace ce, shekara takwas. Washegari Asabar da safe na durƙusa ina neman inda kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin ɗakinmu, da yake a kan turaku aka kafa shi, sai hannuna ya taɓa buhun fulawa a ɗaure. Na jawo. Takalmanta na coci, da mataji, da 'yar tsanarta ta tsumma, da ƙullin jan zare. Na mayar da shi yadda na same shi, don kada Nobie ta san na gani. Sai kuma na gane wata 'yar waƙa da take yi kwanan nan in tana ɗebo ruwa, da na ɗauka shirme ne. Sunayen sansani ne, a jere, yadda suke a kan layin dogo daga nan zuwa gabas. An haddace mata hanya. Ga shi kuma kowa ya san itace ya ƙare a dajin nan, kafin Kirsimeti za a kwance injin yankan katako a watse, kowa ya kama gabansa. A cikin wannan hayaniyar wa zai tsaya neman yarinya ɗaya?

Ban ga fuskarsa ba, Gwaggo, gaskiya ke nan. Ƙila Tolbert ne bai mutu ba. Ƙila wani ne daban da Lucius ya naɗe wa yatsa, domin ban san yara nawa ya ara ba, in kuwa haka ne abin ya fi muni, baƙo ne ke zama kusa da 'yata. Na je wurin fasto, ya ce mu yi addu'a, ya kuma ce in ubanta ne to uba yana da nasa hakkin. Ɗan sanda kuwa kin san Bature ba zai ɗaga ƙafa daga kan tebur ba saboda 'yar baƙar mace mai wanki. Don haka na yi abin da ban taɓa yi ba. Jiya bayan coci na je na sami Miss Roxie, na sunkuyar da kai, na ce na yi tunani, ta fi ni gaskiya, abu ɗaya nake roƙo, a bar min yarinyar ta buga a bikin godiyar girbi ran Lahadi ashirin da ɗaya ga wata, an riga an sa sunanta, bayan nan sai a zauna a yi magana. Ta shafa min kafaɗa ta ce yanzu kika yi hankali, zan faɗa wa mai gyaran piyano. Kin ji, Gwaggo? Me ya haɗa mai gyara da ranar da 'yata za ta buga a coci? Suna jiran ashirin da ɗaya. Ita kuwa za ta hau jirgi sha takwas. Kafin nan na ce tana tari, Talata da Juma'a tana wurin Sista Idella, ƙofa a kulle.

Saura maganar piyano. Kin taɓa aiko mana cewa Kawu Ezra ya saya wa 'yarku Willa ɗaya yana falo. Da na fara shirya maganar nan a raina, cewa na yi zan roƙe ki ki kulle shi ki ɓoye makullin. Na fasa. In kika kulle na falo za ta je ta nemo na titi, kuma garinku ya fi nan titi, ya fi nan makaɗa. Ki bar ta ta buga, a gabanki, da rana, ƙofa a buɗe. Ko buluz ɗin ne ya fito, ki yi haƙuri ki toshe kunne, ki ba Kawu haƙuri, ba ita ta zaɓa ba. Abu ɗaya kawai, a samo mace mai koyarwa ta buɗe mata yatsan nan. Biyar Allah ya ba ta. Muddin tana bugawa da huɗu, duk makaɗin da ya wuce ta ƙarƙashin tagarki ya ji zai san ta wane gida ce, kuma magana tana bin layin dogo fiye da jirgi. In kin ga zare a kayanta ki ƙone. In wani mutum ya zo ya ce shi mai gyaran piyano ne ba ku kira shi ba, ki dubi hannunsa na hagu kafin ki buɗe ƙofa.

Ba ta da wahalar riƙo. Tana cin komai sai kuɓewa, tana iya wanke-wanke da guga, tana tsoron tsawa, in ana yi ki bar ta ta riƙe gefen zaninki. Ba ta da rigar sanyi mai kauri, in akwai tsohuwar Willa za ta shige ta. Ki sa ta a makaranta, kada ta tashi sai an rubuta mata wasiƙa kamar uwarta. Ni zan zauna nan har a kwance injin, don in suka ga na ɓace tare da ita za su san arewa muka yi. Bayan nan in Ubangiji ya yarda zan biyo, in ba ki gaji da mu ba.

Ki gaishe min da Kawu Ezra da kyau, ki ce masa na san na ɗora masa nauyi ban tambaye shi ba. Ki gaishe da Willa da Booker, da Inna Tempie in har yanzu tana gidanku, ki ce mata ina tuna ta duk ranar da na dafa dankali da kirfa. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki da kika goya,
Verlie

A ƙara wannan a ƙasa, don ki san bakin da maganar take. Mutum biyu na faɗa wa rana da jirgi, Sista Idella da ke rubutawa, da Ɗan'uwa Pruitt da zai riƙe hannunta. Fasto bai san ranar ba, na roƙi matarsa kada ta gaya masa sai an wuce. Ke ce ta uku. Nobie ba ta sani ba. Na ce mata za mu shiga gari ran Alhamis a auna mata sabon takalmi na bikin girbi, tana ta murna. Ba zan iya gaya mata ba, domin ban san wa za ta faɗa wa ba.